Hannun Yaya Asabe a Kan Makunni

Jiya na taka da ƙafata zuwa masallaci, karo na farko cikin wata shida. Da sanda ne, ina ɗingishi, liman har ya kai raka'a ta biyu kafin in isa sahu, amma na je na dawo. Alhamdu lillahi. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ya same ni tun kafin daɗin lafiya ya mantar da ni, musamman saboda 'yan'uwana masu aikin wuta da ke shiga gidajen mutane suna cika baki, kamar yadda na daɗe ina yi.

Sunana Ɗanlami, amma a Gwallaga, inda shagona yake, Injiniya ake ce mini, ko da yake ban taɓa shiga jami'a ba sai dai in an kira ni gyaran fanka. Aikina wayarin ɗin gidaje da haɗa sola. 'Yan shekarun nan na ƙara da wani sabon abu: in haɗa maka gida yadda daga wayarka za ka kunna ƙwai, ka kashe fanka, ka buɗe ƙofa kana kwance. A gidana na Tirwun na fara gwadawa, na kuwa zuba son raina. Fanka, ƙwayaye, labule, injin tura ruwa tanki, ƙofar falo mai kulle kanta da zarar an jawo ta, duk suna jin maganata. Har da wata 'yar sifika a gefen gado, in ka yi mata Turanci ta aikata. Baƙo ya zo, sai in harɗe ƙafa in ce wa ɗaki ya yi haske, ɗaki ya yi haske, ni kuma ina satar kallon fuskar mutumin. Matata Hauwa takan ce, "Baban Zainab, saura ka haɗa wanda zai tauna maka tuwo."

Sharaɗin kayan nan ɗaya ne, ku riƙe shi don a kansa komai ya faru: makunnin bango dole ya zauna a kunne. In wani ya sa hannu ya kashe a bango, to waya ba ta da sauran iko, sai ka tashi ka je ka mayar da shi da hannunka. Lokacin ina da ƙafa biyu, ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

A farkon bazara na faɗo daga rufin wani gida ina ɗora fanel ɗin sola. Ba wanda ya ture ni. Tsani na jingina a kan tayil na ce ai minti biyu ne. Ban ji zafi nan take ba, ƙara na ji, kamar an karya rake. Da na yunƙura zan tashi sai ƙafar dama ta ƙi bin sauran jiki.

Satin farko a babban asibiti ya ƙare. Layin kati, layin hoto, layin ganin likitan ƙashi, Hauwa na ta zirga-zirga da takardu har silifas ɗinta ya tsinke. Ranar hoton kuwa, ina kwance a gadon turawa a baranda aka ɗauke wuta, muka zauna jiran janareta. Mai aikin wuta guda yana jiran wuta a kwance, wallahi har dariya na so yi, ƙugu ya hana ni. Likitan, wani siririn mutum da ba ya ɓata magana, ya ɗaga hoton ya ce ƙashin cinya ne can sama, za su sa ƙarfe. Bayan an yi aikin ya tsaya a kaina ya faɗi maganar da har yau take kunnena: "Ƙarfen nan ba ƙafa ba ne, amana ce muka ba ka. Sati goma sha biyu, ko ɗan yatsa kada ya taɓa ƙasa." Allah ya saka masa da alheri, shi da masu jinyar ɗakin da suka sha masifata. Abin da aka kashe ba zan tsaya lissafi ba, babur ɗina dai ya tafi ya bar mini makullinsa na biyu.

Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyarmu, ya ce da an kai ni wurin mai ɗori da yanzu ina buga ƙwallo. Wani ya ce kitsen mesa. Wata ta ce farfesun ƙafar sa safe da yamma, wannan kam ban yi musu da ita ba. Amma shawarar da ta hana ni sukuni ta Yaya Asabe ce.

Yaya Asabe yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara takwas, a bayanta na girma. Da mijinta ya rasu ta koma gidanmu na gado a Ƙofar Dumi, tana yin alkaki da nakiya na biki. Ana gobe za a sallame ni daga asibiti ta zauna a bakin gadona ta ce, "Gida za a kai shi. Na share ɗakin tsakiya." Hujjarta mai ƙarfi ce. Hauwa malamar firamare ce, hutun da aka ba ta ya kusa ƙarewa, 'ya'yanmu biyu suna makarantar kwana, ita kuma Yaya ta ce ba za ta tare a gidan ƙaninta ta takura wa matarsa ba. Ni kuwa da na ji an ambaci ɗakin tsakiya, sai na ji gara a bar ni a barandar asibiti.

Ga dalili, kuma ko Hauwa ban taɓa faɗa wa ba. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, wata safiya lokacin sanyi, na jona hita a ɗakin nan zan ɗuma ruwan wanka. Aka ɗauke wuta. Na zaro hitar daga bokiti na ajiye a bakin katifa, ban cire ta daga soket ba, na koma cikin bargo ina jira, barci ya kwashe ni. Aka kawo wuta. Yaya Asabe ce ta faɗa cikin hayaƙi ta jawo ni waje, hannunta na dama ya ƙone daga wuyan hannu har gwiwa. Da Baba ya tsaya a tsakar gida yana tambayar wa ya bar hita a jone, kafin in buɗe baki ta ce, "Ni ce." Na yi shiru. Shirun nan ya kai shekara talatin da bakwai. An gyara ɗakin an yi sabon rufi, amma ban sake kwana a cikinsa ba, ko gaisuwa na je a tsakar gida nake tsayawa.

Ita kuma tun daga ranar ba ta iya wuce makunni a kunne. Da an ɗauke wuta za ta bi gida ɗaki-ɗaki tana kashewa, tana zare duk abin da ke jone. In za ta fita unguwa ma haka. A gidan biki an sha kama ta ta kashe wa mutane firji.

A asibitin dai na ce mata, "Yaya, gidana ba ya buƙatar mai jinya. Ina kwance zan kunna fanka, in buɗe wa baƙo ƙofa, in kira wanda na ga dama."

Ta ce, "Wayar ce za ta ɗauke maka fo?"

"Hauwa za ta ajiye mini komai a kusa kafin ta fita."

Ta kalli Hauwa, Hauwa ta kalli ƙasa. Yaya ta gyara mayafi ta ce, "To, na ji. Amma ranar da aka samu matsala ba shawara zan yi da kai ba, Ɗanlami, ɗaukar ka za a yi."

Sati na uku da na huɗu ina gidana ina sarauta. Ƙafa ta kumbura ta yi sumul kamar ba tawa ba, ɗinki na ƙaiƙayi, maganin zafi na jefa ni barci ba shiri, ga kunyar biyan buƙata a kwance wadda ba na fatan ta ko ga maƙiyina. Amma waya na hannuna, fanka na jin maganata, ina buɗe wa masu dubiya ƙofa tun suna sallama. Na ce wa Hauwa, "Kin gani ko? Wa ya ce wasa nake yi da kuɗi?"

Masu dubiyar ne suka fara nuna mini iyakata. Mutanenmu akwai tarbiyya, ba a fita ɗaki a bar ƙwai yana ci. Kawu Ilu zai yi mini addu'a mai tsawo, mu shafa, ya miƙe, yana kaiwa bakin ƙofa sai ka ji ƙyas! Ya kashe. "Rana tsaka ƙwai na ci, almubazzaranci ke nan." Makunnan kuma a jere suke, hannu ɗaya ke kwashe ƙwai da fanka. Sai in yi ta danna waya, fanka na kallona, har sai na ƙwala wa Hauwa kira daga kicin ta zo ta mayar. Na sa ta liƙe makunnan da salatif, na rubuta takarda da manyan baƙaƙe cewa kada a kashe, aka manna a sama.

Yaya Asabe ta zo ta tsaya tana kallon bangon. Karatun boko ba nata ba ne, takardar ba ta ce mata komai ba. Ta sa farce ta ɓare salatif ɗin tas tana faɗa: "Wane marar hankali ne ya liƙe makunni? In wuta ta tashi da me za a kashe?" Na buɗe baki zan yi bayani, mayafinta ya zame, na ga tabon hannun nan yana sheƙi a kan bangona. Na rufe bakina.

Da ta tafi Hauwa ta ce, "Ka yi mata bayani mana. Ni ba hurumina ba ne in ce wa Yaya kada ta taɓa."

Na ce zan yi. Ban yi ba. Duk wanda zai ɗora wa wani laifi a labarin nan, ya fara daga nan.

Sati na biyar Hauwa ta koma aiki. Litinin lafiya, Talata lafiya, har na fara aika wa Kawu saƙon tsokana. Ranar Laraba suna da taron malamai, sai la'asar za ta dawo. Ta jera mini ruwa, magani, robar fitsari da sandar da nake jawo kaya da ita, ta jona mini waya a caji a gefen filo, ta tafi. Wajen ƙarfe tara Yaya ta iso da kunun gyaɗa, na buɗe mata ƙofa daga kwance. Ta ba ni kunu, ta ba ni magani, tana ba ni labarin wata mai biki da ta raina mata nakiya, ban san inda labarin ya ƙare ba, barci ya yi gaba da ni.

Zufa ce ta tashe ni. Na buɗe ido ɗaki dulum, fanka tsaye cik, filo ya jiƙe sharkaf. Na lalubi waya, babu. Caja ma babu.

Daga baya na ji yadda aka yi. Tana shirin tafiya aka ɗauke wuta, inbata, na'urar da ke ba gidan wutar sola daga batira, ta yi 'yar ƙarar da takan yi in ta karɓi gida. Yaya ta bi ƙarar har lungun da batira suke, ta ga ƙananan fitilu suna ƙyafta ido, ta taɓa ta ji ɗumi. Ƙaninta na barci, ba ya iya tashi, ita kuma za ta fita ta bar shi da abu mai ɗumi yana ƙara. Ta kama babban makunni ta sauke. Ta dawo ta zare waya daga caji, don ta ji an ce waya na kama wuta a kan katifa, ta ɗora ta can kan madubin Hauwa. Ta rufe tagogi ta sa sakata kada iska ta shiga ƙashi. Ta jawo ƙofar falo, ƙofa ta yi abin da na koya mata.

Abin da na fara yi abin kunya ne, amma tunda na ce zan faɗa bari in faɗa. Na juya wajen sifika na yi mata Turanci. Shiru. Na ɗaga murya. Na sake, da lallashi, kamar mai roƙon bashi. Daga nan na koma Hausa na zage ta tas, ita da wanda ya ƙera ta da wanda ya sayo ta, wato ni.

Labule a rufe, shi ma sai da wuta yake buɗewa. Zafin bazara ya sauko daga silin ya zauna mini a ƙirji. Na shanye ruwan da ke kusa tun da wuri, wauta ta biyu ke nan. Na yi kira har murya ta dushe, amma wanda ya san bayan Tirwun ya san tsakanin gida da gida akwai gona, kuma da hantsi kowa ya fita nema. Ina hango wayar a kan madubi, taku huɗu ne ga mai ƙafa. Na ji ta yi ƙara sau biyu, Hauwa ce na sani, ta gaji ta katse, ta ɗauka barci nake yi. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Gidan da na haɗa da hannuna, na san kowace waya da ke cikin bangonsa, ga shi ya rufe ni ruf, ko taga ba zan iya buɗewa ba.

Wajen sha biyu na yi abin da likita ya hana. Na ɗauki sanda, na matsa bakin gado, na miƙa. Saura kamar taƙi ɗaya. Na ƙara matsawa. Sai ji na yi katifa ta zame daga ƙarƙashina, na tafi gaba ɗaya, na jawo sifika da robar fitsari muka sauka tare a kan tayil. Zafin da na ji ba shi da suna. Na yi salati, na yi ihu, na yi kuka irin na yara, fitsarin da ke roba da wanda ke jikina duk suka haɗu a ƙarƙashina. A nan na ji kiran sallar azahar daga nesa, ina kwance cikin najasa ko juyawa ba na iyawa.

Sifikar na kusa da hannuna. Na ɗauke ta, na tattara ɗan ƙarfin da ya rage, na jefi taga da ita. Gilas ya tarwatse. Tun da na saye ta ba ta taɓa yi mini aiki mai amfani kamar wannan ba.

Maƙwabciyarmu Mama Saratu ce ta ji. Dattijuwa ce mutuniyar kudancin jiha, tana kiwon kaji, ta dawo daga kai ƙwai kasuwa ke nan. Ta zagayo bayan ɗaki ta ture labule da kara ta leƙo ta tsakanin ƙarafan taga.

"Wayyo Yesu! Injiniya, kai ne a ƙasa? Ƙofa ya ƙi buɗe, na tura na tura."

Na ce akwai lambobi a jikin ƙofar, ta danna. Ta ce in faɗa mata. Na buɗe baki, kaina fayau. Ni na sa lambar da hannuna, na adana ta a waya don kada in manta, ban taɓa danna ta ba tunda waya ke buɗe mini. Ta ce to in ba ta lambar Maman Zainab ta kira. Jama'a, shekara ashirin da aure, lambar matata ma a waya take.

"Kai Injiniya!" in ji ta. "Duk kanka ka zuba a waya?"

Ta ruga gida ta kawo ledojin ruwa ta riƙa jefo mini ta taga har ɗaya ta faɗo inda hannuna ke kaiwa. Ta ce, "Ka sha, ka yi addu'a naka, ni ma ina yi nawa. Zan je in kawo ta." Na roƙe ta kada ta tafi ta bar ni, ta ce tsayuwarta ba za ta buɗe ƙofa ba. Matar da gwiwa ke damunta ta hau mashin har makarantar su Hauwa. Allah ya biya ta, ni ba ni da abin biyan ta. Hauwa ta zo ta ɗora babban yatsa a kan makullin, wanda ke da batirinsa ya kuma san zanen yatsanta, ƙofa ta buɗe salin-alin kamar ba ita ba.

Muka koma layin hoto. Likita ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ƙarfe bai goce ba, amma ɗan haɗin da ƙashi ya fara yi ya tsage, lissafi ya koma farko. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Amanar ke nan?"

Dangi suka taru a bakin gado. Kawu Ilu ya buga sanda a ƙasa ya ce wai wane ne ya kashe wutar gidan ya bar mara lafiya a kulle. Yaya Asabe na tsaye daga baya, idonta jawur amma ba hawaye. Ta ce, "Ni ce." Kalma biyun nan dai, da muryar nan dai. Ya kamata in ce laifina ne da ban yi mata bayani ba. Sai na juya fuska bango.

Ba a yi shawara da ni ba, kamar yadda ta faɗa. Mota ba ta shiga lungunmu na Ƙofar Dumi, a bakin titi aka sauke ni, maza huɗu suka ɗauke ni a kan katifa, maƙera da masu ɗinkin hula suna ta sannu Injiniya, sannu Injiniya. Na rufe ido don kada in ga lokacin da za a shigar da ni. Da na buɗe, ga ni a ɗakin tsakiya. Ƙwai ɗaya, tsohuwar fankar sama ɗaya, makunni biyu can bakin ƙofa.

Yaya ta ɗaura igiya a ƙarfen gado, ta fitar da ita ta taga har rumfar da take suya, ta rataya gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. Ta ce, "Ga naka rimot ɗin. Ka ja." Na ja, gwangwani ya yi ƙara. Sati goma sha biyu na yi a ɗakin nan, ko sau ɗaya igiyar ba ta ce babu sabis ba. Hauwa na zuwa daga makaranta ta wuni har magariba, Yaya na ɗauke fo ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Na gode, kuma ina cikin ƙunci, duka biyun gaskiya ne. In na kalli kusurwar da katifar nan take a da, sai in ji ƙaurin hayaƙi a hancina.

Ga 'yan'uwana masu haɗa irin kayan nan, ga abin da na koya a kan tayil. In za ka haɗa gida, kada ka haɗa shi don mai ƙafa biyu da waya a hannu. Kwanta a ƙasa ka duba me za ka iya kaiwa. Bar taga ɗaya da ba ta jiran wuta. Haddace lambar ƙofarka da ta matarka. Ba wa maƙwabci makulli na ƙarfe. Sannan ka zaunar da tsofaffin gidan ka yi musu bayani da bakinka, don hannun da ya kusa shekara arba'in yana kashe makunni ba salatif ne zai hana shi ba.

A Ƙofar Dumi ma hannun bai daina ba. Da an ɗauke wuta za ta shigo, ƙyas ƙyas, ta fita. In an kawo tana kusa, ta zo ta kunna. In kuwa ta tafi kai alkaki gidan biki, sai in ji unguwa ta ɗauki sowa an kawo wuta, rediyon maƙwabta ya tashi, ni ina kwance ina kallon fanka a tsaye har ta dawo. Ban taɓa cewa komai ba. Da wane baki?

A sati na uku a can bayana ya feso da ƙuraje, wasu suka fara fashewa. Yaya na goge ni da tsumma ta tsaya. Da Hauwa ta zo na ji suna magana ƙasa-ƙasa a tsakar gida, Hauwa na cewa likita ya yi gargaɗi a kan gyambon kwanciya, zufa ce ke kawo shi, in ya kama yana iya kaiwa ga ƙarfen. Yaya ta tambaya, "Fankar ce?" Ban ji amsar Hauwa ba.

Washegari da hantsi aka ɗauke wuta. Fanka ta rage gudu ta tsaya. Na ji takun Yaya, ta shigo da mayafinta a kafaɗa, tiren alkaki na jiran ta a waje, masu biki sun aiko tun safe. Hannun nan ya tashi ya nufi bango kamar kullum. Ya kashe na ƙwai. Ya sauka a kan na fanka, ya tsaya. Ta daɗe a haka, sannan ta janye hannun ta riƙe shi da ɗayan.

Ta bar shi a kunne. Amma ta kasa tafiya. Ta aika wa masu biki su zo su ɗauki kayansu da kansu, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a bakin ƙofa, fuskarta na kallon makunnin, bokitin ruwa a gefenta. A nan ta yi azahar. Ba ta ci abinci ba. Na ce ta je ta huta, ta ce ita ba ta gaji ba.

Ana gab da la'asar aka kawo wuta. Fanka ta yi ƙara, ta juya sau ɗaya a hankali, ta kama gudu. Yaya ta zabura ta miƙe, ta kalli silin, ta kalli soket, ta shaƙi iska tana neman ƙauri. Ba komai, sai iska da ke sauka a bayana.

Na ce, "Yaya."

"Na'am."

"Hitar nan. Ni na bar ta a jone."

Ba ta juyo ba, idonta na kan fanka. Ta ce, "To da wa ka ɗauka na gani a kan katifar?"

Kuka ya ƙwace mini, na ce ta yafe mini, na da da na yanzu. Ta ɗauko kwalbar man ƙuraje da ke kan taga, ta zauna a bakin gado, ta naɗe mayafi ta fito da hannun nan mai tabo.

Ta ce, "Kai dai ka cika surutu. Karkato a hankali in shafa maka, kada ka motsa ƙafar."